Saƙon Ƙanwata da Bai Bar Wayata Ba

Ni ba mai ilimi ba ne. Aji huɗu na yi a firamaren Sakajiki, babanmu ya cire ni ya sa ni bin lodi. Wanda ke son Hausa mai ado ya nemi wani littafin. Abin da zan rubuta abu ne da na yi da hannuna, ya kashe auren ƙanwata, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in ɗora wayar aljihuna kan dutse in rotsa ta da wani dutsen.

Sana'ata rakiyar kaya. A loda wake ko albasa a Shinkafi ko Kaura, in hau bisa mota in bi su har Badun, in damƙa wa mai su, in juyo. Babanmu da jirgin ƙasa ya yi wannan aiki. Ni na tarar jirgin ya mutu, sai dogo da ciyawa, don haka babbar mota na bi. Mai wannan sana'a kuwa ba buhu kaɗai yake raka wa ba. Mazan garuruwanmu da yawa suna can kudu neman abinci, wani sai ya shekara bai leƙo gida ba, matansu kuma ba sa rubutu. Sai kaset.

Na yanzu ba su san yadda ake yi ba, bari in faɗa. Mace za ta ari rikoda, ta sa sabon batir, ta kori yara waje, ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure, ta faɗa wa mijinta abin da ke ranta. In ta gama sai ta ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na bayan kaset don kada a ɗora wani abu a kai, ta naɗe shi cikin tsumma, ta ɗinke da zare. Wata har ƙulli na daban take yi don mijin ya gane in an taɓa. Ni kuma in zuba su cikin jakata. Shekara da shekaru ina wannan, ban taɓa farke ɗinkin kowa ba. In na miƙa wa mijin, magana ta bar hannuna ke nan. Ko wuƙa aka sa min a wuya ba ni da ita, tana wurin mai ita. Ku riƙe wannan, don daidai nan na faɗi.

Ina cikin wannan aiki aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Ina ciki Shari'a ta zo, na yi murna kamar kowa, na ce yau mai amana zai sha iska, maci amana zai gane kurensa. Bayan 'yan shekaru wayar hannu ta shigo. Ta farko ta masu hali ce. Daga baya 'yar China ta zo, mai layi biyu, mai ƙara kamar lasifikar masallaci, da ɗan kati a ƙarƙashin batir wanda bai kai farcen babban yatsa ba, ana ce masa memori. Na sayi ɗaya. Kafin a ankara rikoda ta zama abin wasan yara, kaset ya yi wuyar samu.

Za ka ce to su kira mazansu mana. A lokacin sabis bai shiga ƙauyukan Zurmi ba, sai an hau tudu a bayan gari ana ɗaga hannu sama. Matar aure ba ta hawa tudu ta tsaya tana hira da miji, masu zuwa gona suna wucewa. Da suka ji wayata tana ɗaukar murya, shi ke nan na zama rikodar gari.

Ƙanwata ita ce autarmu. Babanmu ya rasu kafin ta isa aure, ni na aurar da ita, ga wanda ta zaɓa da kanta, mutumin Gurbin Bore. Mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba. Yana aikin awo a kasuwar wake ta Badun, ita kuma tana zaune da mahaifiyarsa a gida. Sun kusa shekara biyu Allah bai kawo rabo ba.

Wata rana na biya ta can kafin in tashi. Na gaida tsohuwar, na sha ruwa, sai autar ta ja ni gefe.

"Yaya, ara min abin nan naka."

Na nuna mata inda za ta danna ta fara, da inda za ta danna ta tsaya. Ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure. Da ta fito ba ta yarda mun haɗa ido ba, tana ta dariya cikin mayafi.

"Kada ka ji fa, Yaya."

"Mi zan yi da surutunki? Wanda na sha tun kina goye bai ishe ni ba?"

"Da ana ɗinke waya, wallahi da na ɗinke ta."

Na ce ta ba ni abuna in kama hanya. Maganar nan tata ta ɗinki, ita ke dawo min har yau.

A Badun mijin yana da irin wayata. Akwai hanyar da waya ke ba waya abu ta iska in suna kusa, ana ce mata bulutut. Wani ya taɓa nuna min wurin dannawa, na haddace kamar yadda ake haddace hanyar gida, ba tare da na san abin da aka rubuta ba, don duka da Turanci aka rubuta. Na danna. Wani ɗan layi ya cika daga hagu zuwa dama. Na ce, "Ya shigo?" Ya ce, "Ya shigo, Yaya." Na mayar da waya aljihu da zuciya ɗaya. A wurina saƙo ya fita daga tawa ya shiga tasa, kamar yadda kaset ke fita daga jakata ya shiga hannunsa. Ba wanda ya taɓa gaya min cewa waya ba ta bayarwa, sai dai ta haifa. Wanda ya sayar min bai gaya min ba. Wanda ya koya min dannawa bai gaya min ba. Ni kuma jakin ban tambaya ba.

Na dawo azumi ya gabato. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na ce bari in sa a zuba min tafsiri da karatun Alƙur'ani in riƙa ji a bisa mota. Akwai masu wannan sana'a a bakin kasuwa: tebur, lema, kwamfuta, ɗan janareto yana tari a gefe. Kasuwarsu ta buɗe sosai a shekarun nan, don kiɗa a fili ya yi sanyi, kowa ya koma yana jin abinsa a kunne. Wanda na je wurinsa ba yaro ba ne, magidanci ne da gemunsa, an ce ya taɓa koyarwa a firamare. Na miƙa masa waya ɗungurungum. Ya ce, "Je ka ka dawo, Alhaji, akwai layi." Ni ban je Makka ba, amma haka suke kiran duk wanda ya kawo ciniki. Na tafi duba lodi.

Abin da ban sani ba shi ne yadda suke aiki. Duk katin da ya shiga kwamfutarsu, kafin su zuba maka komai, sai sun fara kwashe abin da ke ciki zuwa nasu. Da haka suke tara haja. Ba su sayi komai ba, ba su roƙi kowa ba. In kasuwa ta lafa su zauna su tace: wannan wa'azi, wannan waƙa, wannan abin dariya.

Kamar mako uku bayan nan, da hantsi, ina tashar Kaura wurin mai gyaran taya, 'yan kabu-kabu sun taru a inuwa. Sai wayar ɗaya ta yi ƙara, kira ya shigo. Maimakon kiɗa sai muryar mace: "Ka dawo, tabarma ta yi mini faɗi. Ka dawo, tabarma ta yi mini faɗi." Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce, "Allah ya ba mu irinta." Wani ya ce, "Kai da ko tabarmar ba ka da ita?"

Na yi dariya. Zan rubuta wannan don kada in yi wa kaina ƙarya. Na yi dariya tare da su, har na ce matan yanzu ba kunya.

Mai wayar ya ji daɗi, ya ce ai wannan guntu ne, bari mu ji cikakke. Ya kunna. Ta yi sallama. Ta kira sunan mijinta, sunan yanka, sau uku, tana ja, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutum ba. Sai ta yi wata dariya tana jan numfashi ciki. Dariyar mahaifiyarmu ce. Mutum biyu kaɗai na sani a duniya masu wannan dariya, ɗaya tana kabari.

Na tsaya na ji duka. Ta ce masa tana da ciki wata uku, ba ta gaya wa kowa ba, shi ne na farko. Ta ce, "Inna tana kulle rumbu, makulli a ƙugunta, da ɗan gwangwanin madara take auna min hatsi, ni kuma yanzu yunwa nake ji kamar mi. Kada ka ce mata na faɗa, ka dai aiko a ce daga gare ka ne." Ta ambaci garin. Ta ambaci akuyarsu da ta haihu. A ƙarshe ta sassauta murya ta yi maganar tabarma.

Na kama wuyan rigar ɗan kabu-kabun na ce ina ya samu. Ya ce, "Baba, lafiya? A Shinkafi aka zuba min, cikin na ban dariya yake. Ai kowa na da shi."

Ban yarda ba. Na kira mijin a take, na zage shi tas. Na ce na ba shi mace ya kai ta kasuwa. Ya rantse da Allah ko abokin kwanansa bai ji ba, da abin kunne yake saurare, kuma wayar ba ta taɓa barin jikinsa ba. Ina cikin zaginsa mai gyaran taya, wanda ya ɗan yi sakandare, ya ce in kawo tawa ya gani. Ya danna nan, ya danna can, ya shiga wani lungu da ban taɓa sanin akwai shi ba. Ya juyo min da fuskar wayar.

Suna nan jere. Duk saƙon da na taɓa kai wa wani tun ranar da na sayi wayar, na matar makwabci, na matar liman, na wata tsohuwa da ke kuka tana kiran ɗanta. Ba wanda ya tafi ko'ina. Watanni ina yawo da sirrin matan mutane a aljihuna, ina ba masu caji, ina ara wa duk wanda ya ce zai yi kira. Na sauran bai bazu ba don kawai zancen iri ne da ciwon baya da kuɗin makaranta, ba abin dariya a ciki. Na ƙanwata ne ya yi musu daɗi.

Alhamis na zagayowa ina gaban teburin mutumin nan.

"Kai ka ɗauki maganar ƙanwata?"

"Wace ce ƙanwarka, Alhaji?"

"Mai tabarma."

Sai ya gyara zama ya ce, "To ni na san ta wani ce? Ba suna a jiki, lamba ce kawai. Na ɗauka irin wasan nan ne da ake shiryawa."

"Ta faɗi sunan mijinta. Ta faɗi garinsu."

"Ni dai ban sace maka komai ba. Duba wayarka, ba ya ciki? Yana ciki. Ka sa wa katin makulli? Ba ka sa ba. Ka ce min akwai sirri? Ba ka ce ba. Kai ka miƙo min da hannunka."

Ban san lokacin da na kifar da teburin ba. Masu albasa suka rirriƙe ni. Da aka lafa ya ɗauko kwamfutar daga ƙasa, Allah ya so shi ba ta mutu ba, ya goge abin a gabana. Sannan ya ce, yana kaɗe riga, "Na goge nawa. Amma ka sani mu muna musanya. Na Kaura sun karɓa, na Zurmi sun karɓa."

Daga nan na wuce wurin wani malami da ke zama da alƙalai, wanda na san ba ya ɓoye gaskiya. Na ce ina son a yi min Shari'a, an yi min sata. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Abin da aka ɗauka, a killace yake? A ma'aji mai kulle?"

Na ce a'a.

"A ɓoye ya ɗauke wayar, ko kai ka ba shi?"

Na ce ni na ba shi.

"Kuma abin yana wurinka har yanzu?"

Na ce yana nan, Allah gafarta malam.

Ya ce to wannan ba ita ce satar da ake nufi ba. Cin amana ne da tona asiri, kuma alƙali na iya hora shi a kai. "Amma ka sani, sai an kunna maganar a gaban alƙali da shaidu, sai an kira ita mai muryar ta ce tata ce. Kana so?"

Na tashi na sa takalmina. Ban ga laifin malam ba. Haushin da na ji shi ne, tambayar da ya yi min ita ce dai tambayar da ɓarawon ya yi min: ka kulle? Mai gaskiya da maci amana sun haɗu a kan magana ɗaya.

Kafin nan abu ya isa Gurbin Bore. Yara suka fara bin tsohuwar suna kaɗa gwangwani. Mata in sun taru bikin suna sai wata ta ce wa wata, "Ke, matsa, tabarma ta yi miki faɗi ne?" Tsohuwar ta aika wa ɗanta ya dawo. Ta ce ko ya saki matar, ko ta ɗaga masa nono. Ya yi saki ɗaya. Shi da kansa ya ɗauko ta a babur ya kawo ta gidana a Kaura. Ya durƙusa a zaure bai iya kallona ba.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ina son matata. Ka lallashi Inna, kafin ta haihu in mayar da ita."

Kowa ya san iddar mai ciki haihuwarta. In ya yi kome kafin ta sauka, aure na nan. In ta sauka, ya ƙare. Saura wata biyar, ko ƙasa da haka.

Ita autar ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta shiga ɗakin maiɗakina ta zauna. Ta gaishe ni da safe, ta gaishe ni da yamma, shi ke nan.

Na shirya na tafi wurin tsohuwar. Na same ta tana tsince wake a faifai. Na cire hula na durƙusa, ni da furfura ta fara fito min.

"Inna, laifina ne. Yarinyar nan da mijinta ta yi magana, a ɗaki, ƙofa a rufe. Ni na fitar."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ƙarya ta yi min? Ba ta yi ba. Ina kulle rumbu. Shekarar da aka yi yunwa ina da goyo, na ga abin da na gani, tun daga nan nake kullewa. Da ta zo ta ce Inna ƙara min, da na ƙara. Amma yau ni ce mai gwangwani tun daga nan har Zurmi. Jikokin da na yi wa uwayensu wankan jego su ke bi na."

"Mi zan yi ki haƙura, Inna?"

"Kai ka watsa, ko? To je ka tattaro. Ranar da ba ta cikin wayar kowa, ka zo ka gaya min, ta dawo ɗakinta."

Mai hankali zai gane kora ce. Ni na ɗauka aiki aka ba ni. Wannan ita ce wautata ta biyu, kuma ta fi ta farko.

Na ajiye rakiyar kaya. Na sa mai gyaran taya ya koya min yadda ake nemo abu a waya a goge, na haddace. Na bi masu kwamfuta na Kaura ɗaya bayan ɗaya, na bi na Zurmi, na koma Shinkafi. Wasu suka goge don kunya, wasu don sun ji labarin teburi. Na bi tasha, na bi majalisu, duk wanda na ji yana da shi sai in roƙe shi da girman Allah. Wani ya goge a gabana, ina juya baya abokinsa ya sake ba shi. Wani ya ce, "Wace magana ce wannan da har dattijo ke yawo a kanta? Ni ban ji ba, wa ke da ita?" Da kunnena na ji. Waɗanda ba su sani ba ni na sanar da su. Waɗanda suka ɗauka wasa ne ni na tabbatar musu gaske ne, kuma na nuna musu gidan da ta fito. Aka koma ce min yayan mai tabarma.

Abin da ya tsayar da ni wani Bafulatani ne daga wajen Jangeru, a kara, kasuwar dabbobi ta Shinkafi. Na ji abin a wayarsa, na yi masa bayani. Mutumin kirki, ya ji kunya, ya ba ni wayar ya ce in goge da kaina. Na ce a ina ya samu. Ya ce a wata kasuwa can cikin Nijar. Na goge, na ba shi abinsa, na zauna a kan turke. Ban sake roƙon kowa ba.

Ta haihu wata Talata da safe, mace. Mijin ya zo ranar suna da rago, ya zauna a waje cikin baƙi. Na je na same shi na ce ko a sake ɗaura sabo. Ya ce Inna na nan a kan bakanta. Na shiga na tambayi autar. Ran nan ne kaɗai ta yi min doguwar magana.

"Yaya, ko Inna ta yarda, ni zan koma garin da in na fita ɗiban ruwa ake kallon bakina? Bar shi. Allah bai yi ba."

Allah bai yi ba, haka ne. Amma da hannuna aka yi.

Katin nan na jefa shi cikin murhu na tsaya har ya narke, don an gaya min ko ka goge, masu kwamfuta na da abin da suke tono gogaggen abu da shi. Tun daga ran nan na zama abin da na zama. 'Ya'yana suna ce min mai zargi. Wayata da makulli, kuma ba ɗaya biyu uku huɗu ba, ba sifili huɗu da take zuwa da shi daga kanti ba, wanda ko akuya ta sani. Lokacin da batir ke fita, in zan ba da caji shi nake cirewa in bayar, waya ta zauna a aljihuna. In za ta je gyara sai na zare layi da kati tukuna, in tsaya a kan mai gyaran, ya ji haushi in ya ga dama. Kati biyu nake da shi: na wa'azi, wanda ke shiga kwamfutar kowa, da na gida, wanda ba ya shiga ta kowa ko da ta limamin Juma'a ce. Bulutut a kashe yake sai lokacin da zan yi aiki da shi. In na aika abu, sai in koma in nemo wanda ya rage a wurina in kashe shi. Wanda ya ce in ara masa waya, ni ke danna masa lambar, ya yi maganarsa a gabana ya ba ni. An ce min marowaci a kan haka ba sau ɗaya ba. A garuruwanmu in ka sa wa abu makulli sai a ce ka mai da 'yan'uwanka ɓarayi. To a ce. Tsohuwar nan da na tsana ta fi ni hankali, ita ta san abin da ake kullewa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne duk wannan bai kai karatun minti biyar ba. Masu sayar da wayoyin nan sun sani. Masu kwamfuta sun sani. Suna kallonmu muna shigowa daga ƙauye da abin a hannu kamar mun riƙo ƙwai, su koya mana inda ake ƙara murya da inda ake kunna tocila, su yi shiru a kan sauran. Yanzu ma da aka koma wayar shafawa abin bai sake ba, ƙaruwa ya yi. Ina ganin mata suna danna waya suna zuba mata cikinsu, suna aikawa. In na yi magana a ce tsoho ya fara.

Mai kwamfutar yana nan, ya buɗe shago, har ya je Makka, yanzu shi ne Alhajin. Tsohuwar ta rasu. Autar ta yi wani aure bayan shekara huɗu, can wajen Shinkafi, tana zaune lafiya da 'ya'yanta. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba.

Amma in na je gidanta muna hira, ko da kira ne ya shigo na ciro waya, sai ta yi shiru a tsakiyar magana. Ba ta ɓata rai, ba ta tashi. Idonta na kan hannuna har sai na mayar aljihu, kuma ko na mayar, hirar ba ta komawa yadda take. Da can batir nake cirewa in ajiye a gabanta ta gani. Na yanzu batirinsu ba ya fita. Don haka in na isa ƙofar gidan sai in kashe ta, in ba mai shagon da ke waje ajiya, a kulle, in shiga hannu biyu sake. Sai ta leƙa hannuwan, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Dariyar nan ta mahaifiyarmu kuwa, ban sake jin ta a bakinta ba. A wayar wani baƙo na ƙara jin ta, bara, a tashar Kaura.